Ranar da Mutumin Danchuwa Ya Rubuta Lambar Tirela

Ni mutumin Damagaram ne, kuma kafin aikin nan ya kai ni Potiskum ban taɓa kwana a Najeriya ba. Malamin firamare nake a gida. Wata ƙungiya mai aikin wanzar da zaman lafiya ta nemi wanda ya san koyarwa, na nema, aka ɗauke ni, aka ce in je in zama mataimakin wata malama da ke koyar da manya karatu da rubutu. Mahaifiyata ta yi kuka ranar da zan taso, don labarin da muka daɗe muna ji game da garin ba mai daɗi ba ne. Amma da na iso na tarar hankali ya fara kwanciya, kasuwa tana ci, tireloli sun yi layi a bakin titi har ido ya gaji.

Malamar da aka haɗa ni da ita tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, 'yar Bolawa, gajeruwa, mai tabarau da ƙaramar murya. Kowa Hajiya yake ce mata, ni ma haka na bi. Ajinmu wata rumfar kwano ce a bayan kasuwar shanu, muna zama bayan la'asar kwana uku a mako. Ɗalibanmu maza ne magidanta, yawancinsu masu lodin shanu a tirela, sai dillalai biyu da wani mai sayar da ruwa a kura. Da farko na yi mamakin yadda ƙartan nan suke jin maganar mace. Daga baya na gane rabin 'ya'yansu ta hannunta suka bi.

Rabin lokaci baƙaƙe da lambobi muke yi. Ɗaya rabin kuma Hajiya ta kan kawo maganar faɗa: yadda yake farawa, da abin da mutum zai yi kafin a kai ga jini. Aikina shi ne raba littattafai, da fiƙe fensir, da kama hannun wanda bai taɓa riƙe abin rubutu ba. Ranar farko na tsaya na ce, "Kowa ya fito da kaye da bik." Ba wanda ya motsa. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, a nan littafi da biro muke cewa." Aka yi ta dariya, kuma daga ranar na zama Malam na Nijar.

A cikin ɗaliban akwai wani dogon mutum ɗan ƙauyen Danchuwa, ya kai shekara hamsin. Da damina yana gona, da rani yana lodin shanu. Duk kasuwar an san shi da abu ɗaya: in aka yi ihun ɓarawo, sandarsa ce ta farko da za ta sauka. Shi da kansa ya faɗa mana abin da ya kawo shi. 'Yarsa tana aure a wani gari, tana aiko masa da saƙo a waya, kullum sai ya nemi mai karanta masa.

"Hajiya," ya ce, "ni karatu ya kawo ni. Wa'azin nan naki na haƙuri, ki bar shi kawai."

"A kwano ɗaya na zuba su," in ji ta. "In za ka ci, duka za ka ci."

Ya zauna, yana gunaguni.

Ni aka bar wa shi, don hannunsa ya fi na kowa nauyi. Fensir uku ya karya a makon farko. In na dafa hannunsa sai in ji kamar na dafa turmi. Baƙaƙe suna ba shi wuya, yana rikita wannan da wancan, ya yi tsaki ya ture littafin. Sai na lura lambobi ba sa ba shi wahala sosai, kuma ya san kowace tirela da direbanta. Na roƙi Hajiya ta bar ni in riƙa fita da shi. Muka dinga bin layin motoci, ina nuna masa lambar da ke gabansu, yana karantawa yana kwafa a littafinsa. A nan karatu ya kama shi. Ya fara naɗe littafin yana yawo da shi a aljihu, da guntun fensir ɗaure da zare.

Ɓangaren haƙurin ne dai ya ƙi shiga. Hajiya tana sa mu yi wasan kwaikwayo, a ce an kama wani, jama'a sun taru a kansa, wasu ɗalibai su shiga tsakani. Ba wanda zai yarda a kira shi ɓarawo ko da wasa, saboda haka kullum ni ne ɓarawon. Ta koya musu su jeru kafaɗa da kafaɗa, su ba wanda ake zargi baya, su buɗe tafin hannu kowa ya gani, su kira mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Takan kuma ce, "In abu ya faru, kafin ka ɗaga hannu ka ciro fensir ka rubuta abin da ka gani. Kafin ka gama rubutun, kanka ya dawo." Wata rana ta sa mutumin Danchuwa cikin masu kare ni. Ana yin ihun wasa sai ya manta ɓangaren da yake, ya juyo ya shaƙe wuyan rigata ya ɗaga ni sama, har maɓalli biyu suka tashi. Aji ya kece da dariya. Ya sauke ni yana cewa, "Yi haƙuri Malam, jiki ne ya saba." A raina na yanke cewa wannan dai ko zai iya karatu, ba zai sake hali ba. Na ma faɗa wa Hajiya haka. Ta ce in ci gaba da fiƙe masa fensir.

Abin ya faru ne wata ranar kasuwa da bazara, bayan azahar. Ba ma yin aji ranar kasuwa, na shigo ne kawai in sayi alli. Ina tsaye wajen mai shago na ji ƙarar ƙarfe, sai ihu. Wata tirela ce tana ja da baya ta buge wani mutum da ya ɗauro harawa a keke. Kafin in ƙarasa wurin mutane sun cika. Wanda aka buge yana kwance, ƙafarsa ta lanƙwashe ta inda bai kamata ba, amma yana numfashi. Wani ya ce, "Ai ƙanen mai lodin nan ne na Danchuwa!"

Direban baƙo ne daga kudu, ya zo ɗaukar shanu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya kulle kansa a cikin mota, duwatsu suna sauka a gilashi. Na ji wani yana cewa a kawo fetur. Ba zan ɓoye ba, duk abin da muke koyarwa a rumfa ya gudu daga kaina. Na tsaya da alli a hannu ina kallo kawai.

Sai ga mutumin Danchuwa ya keto taron da sandarsa ta korar shanu, mutane suna buɗe masa hanya. Ya durƙusa kan ƙanensa. Ƙanen ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ƙafata." Yayan ya ɗauke shi cak ya sa a Keke Napep, ya ce wa wasu mutum biyu su wuce da shi asibiti. Sannan ya juya ya nufi tirelar. Lokacin an riga an ɓalle ƙofar, an jawo direban ƙasa, bakinsa yana jini. Jama'a suka ja baya kaɗan, kowa yana jira, don an san haƙƙinsa ne kuma an san halinsa.

Ya tsaya a kan direban ya ɗaga sanda. Na rufe ido. Da ban ji komai ba na buɗe, sai na ga ya soke sandar a hammata ya wuce gaban motar. Ya ciro littafin nan nasa da ya sha gumi, ya dafa shi a jikin ƙarfe, ya fara rubutu. A hankali yake yi, yana duba lamba yana duba takarda, leɓensa yana motsi kamar yadda yake yi a aji. Mutane ba su gane abin da ke faruwa ba, kuma rashin ganewar ya sa ihun ya ragu. Da ya gama ya ɗaga kai ya hango ni.

"Malam! Zo ka duba min. Daidai ne?"

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Na karɓi littafin na duba. Rubutun ya karkace, fensirin har ya huda takarda a wuri biyu, amma lambar ce, ba abin da ya ɓace. Na ce, "Daidai ne." Ya ce, "Faɗa da ƙarfi." Na faɗa da ƙarfi.

Ya ɗaga littafin sama ya fuskanci jama'a. "Ga lambar motarsa, ni na rubuta da hannuna. Ba inda zai gudu. Wanda aka buge ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai wanda ya fi ni jin zafi a nan? To ni na ce kar a taɓa shi."

Wani saurayi da jarka a hannu ya ce, "Baba, su fa haka suke yi mana kullum!"

Mutumin Danchuwa ya kira saurayin da sunansa da na mahaifinsa, ya ce, "Ajiye jarkar nan. In ka ƙona motar, ƙafar ƙanena za ta miƙe?"

A daidai lokacin mai sayar da ruwan nan na ajinmu ya fito daga cikin taro ya tsaya kusa da shi, ya ba direban baya, ya buɗe hannuwa. Dillali ɗaya ya biyo, sai masu lodi uku. Suka jeru yadda muke yi a rumfa. Na ga gurbi tsakanin mai ruwa da dillali, na shiga. Wani dutse da aka jefo daga baya ya same ni a kafaɗa, na ji shi har haƙorana, amma ban fita daga layin ba. Ɗalibanmu suka yi ta kiran mutane, wannan da Hausa, wancan da yaren Ngizim, wani da Fulatanci. "Kai, ba kai ne maƙwabcina ba? Koma rumfarka." Waɗanda aka kira suna sai su sunkuyar da kai su zame. Kafin 'yan sanda su iso taron ya ragu sosai. Mutumin Danchuwa ya yage takardar ya miƙa musu, suka tafi da direban da ransa.

Bayan an watse ya zauna a kan wani dutse. Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya zuba sauran a kai, ya ce, "Wallahi Malam, da na ɗaga sandar nan kashe shi na yi niyya. Sai na ce bari dai in rubuta lambar tukuna, in ya so in dawo kansa. Ina cikin rubutu na ji direban yana kiran sunan wata, ina jin 'yarsa ce." Ya tashi ya nufi asibiti.

Ƙanen ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa. Direban da mai motar sun tsaya a kan jinyarsa har aka sallame shi, kuma na ji an ce duk lokacin da direban ya shigo gari sai ya je Danchuwa gaisuwa.

Washegarin abin Hajiya ta riga kowa zuwa rumfa, labari ya kai mata tun a ranar. Da mutumin ya shigo, sai duk ajin ya tashi tsaye ana tafa masa, shi kuma yana ta kare fuska da hula. Hajiya ta ce ya rubuta mata lambar a allo yadda ya rubuta ta. Ya rubuta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ukun nan taka har yanzu baya take kallo. Gyara." Ya gyara. Ta cire tabarau ta goge su da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

A cikin makon da ya biyo rumfarmu ta kasa ɗaukar mutane. 'Yan kamashon tashar mota suka zo, direbobi suka zo, mahauta suka zo a ƙungiya. Wasu a tsaye suke yin darasi, littafi a kan bayan na gabansu. Shugabannin kasuwa suka ba mu wata rumfa kusa da mayanka, Hajiya ta kira ni ta ce, "Ɗana, mahauta naka ne. Ni ba zan iya rabuwa biyu ba." Na ce ai ni mataimaki ne. Ta ce ta sani, in je.

Na je na tarar da su zaune a kan benci, kowa da wuƙarsa a ƙugu, don daga wurin aiki suka wuto. Ban san ta inda zan taɓo maganar ba. Sai wani dattijo a cikinsu ya dube ni ya dubi 'yan uwansa, ya ce, "Malam, ajin zaman lafiya da wuƙaƙe ai bai yi tsari ba." Ya aika aka ɗauko wata tsohuwar tasa aka ajiye a bakin rumfa. Ya zare tasa wuƙar ya fara sakawa, sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe yana ƙara a kan ƙarfe har tasar ta cika. Suka dawo suka zauna, suka buɗe littattafai. Na ɗauki alli na juya ga allo.