Ni ina roƙon dala ta hau, Hajiya tana roƙon ta sauka

Akwai wata la'asar ta watan azumi da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah, ko da yake ranar ba a yi haihuwa ba, ba a yi rasuwa ba. Zama kawai muka yi a kan tabarma ni da maƙwabciyata, muna duban salula, wato wayar hannu.

Lokacin muna zaune a unguwar Lazaret. Karatuna ya tsaya a lise, wato babbar sakandare, na yi aure, amma son rubutu bai bar ni ba. Sai maigidana ya buɗe mini ɗan shafi a intanet inda nake rubuta girke-girkenmu: kopto, dambu, miyar fakku, kifin kogi da yaji. Ban zaci wani zai leƙa ba, sai ga mata daga Kano, daga Kumasi, har da namu da ke Turai suna tambayar me za su sa in ba su sami zogale ba. Da masu karatu suka yi yawa, wani kamfani ya fara saka talla a gefen shafin, yana tara mini rabona. Da dalar Amirka suke lissafi. In sun turo, banki ne ke juya ta zuwa sefa a kan farashin ranar da ta sauka. Akwai kuma wurin da mutum zai danna ya ce a riƙe masa kuɗinsa tukuna.

A shekarar ne yanar ido ta rufe wa mahaifiyata idanu biyu. Inna tana wurinmu. Ta daina tsince shinkafa, jikokinta ma da murya take gane su. Likita ya ce sai aiki. Na ƙudura a raina da kuɗin shafin za a yi shi, don ban taɓa yi mata wani abu da gumin kaina ba. Abin da ya taru ya kusa isar idanu biyun, bai dai kai ba. Maigidana ya nuna mini cewa dala na hawa a kwanakin, in na ɗan jinkirta mai yiwuwa giɓin ya cike. Na danna a riƙe.

Daga nan na shiga roƙon Allah. Bayan kowace salla, da lokacin buɗa baki, abu ɗaya nake cewa: Allah ya ƙara ɗaga ta. Ina idar da asuba zan ɗauki salula in duba layin da ke nuna farashin dala. In ya miƙe sama, ranar har miyata ta fi daɗi.

Maƙwabciyata Hajiya ce, ta girme ni sosai, tana da shago a kasuwar Wadata inda take sayar da abaya da mayafai da ake kawo mata daga Dubai. Mijinta ya rasu, shagon ne ke riƙe da gidan. Mace ce mai ibada, shi ya sa tun farkon azumi na ce ta sa ni a addu'a, ina da wata buƙata. Ban faɗi ko mece ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Duk sanda muka haɗu a bakin ƙofa sai ta ce ba ta manta da ni ba, Allah ya biya mini.

Ranar da nake ba ku labari dala ta yi tsalle fiye da kullum. Da farin cikina na zuba kunu a kwano na kai mata. Na same ta a tsakar gida ba ta ɗora komai a wuta ba, ga magariba na matsowa. Idanunta sun yi ja. Ta miƙo mini salularta, sai na ga layin da na wuni ina kallo, shi ne dai a gabanta.

Ta ce tun kafin azumi ta karɓi kuɗin mata a kan kayan salla, ta yanke musu farashi da sefa. Mai kayan kuwa da dala za ta biya shi, kuma lokaci ya yi. Riba ta riga ta tafi, yanzu jarin ake ci. Abin da ya fi damunta shi ne ta dubi matan da suka amince da ita ta ce su ƙaro.

"Ƙanwata, ke ma ki taya ni," in ji ta. "Ki roƙa mini Allah ya sauko da abin nan."

Kwanon kunu na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Na zauna kusa da ita na faɗa mata komai: shafin, tallar, idon Inna, da buƙatar da take ta ce wa amin.

Ta ƙura mini ido. Na zaci ranta ya ɓaci. Sai na ga kafaɗunta na motsi, ashe dariya ce.

"Wato ke ce a sama kina ja, ni ina ƙasa ina riƙe da ƙafarta. Kuma da bakina nake taya ki cinye mini jari."

Na ce wallahi ban sani ba. Ta ce ta sani, ita ma ai ba ta san saukar da take nema idon Inna za ta taɓa ba. Ta goge fuska da gefen mayafinta.

"Bari mu gyara. Ke ki roƙa wa Inna gani, ni in roƙi kada in ji kunya a gaban mutanena. Dala kuma mu bar wa Mai ita."

A gidanta na sha ruwa ranar. Washegari na cire riƙon da na sa. Kafin lokacin biyan kamfanin na wata ya zo kuɗin su sauka, dala ta ɗan ja baya, banki kuma ya ɗebi nasa. Abin da ya zo hannuna ya isa aikin ido ɗaya da magani, ɗayan sai bayan wasu watanni. Hajiya ita ma ba ta tsira duka ba, ta biya da tsada, sallar nan ba ta ci ribar komai ba. Amma kowace mace ta karɓi abayarta a kan farashin da aka yi da ita.

Hajiya ce ta rufe shago ta raka mu asibiti ranar da za a cire wa Inna bandeji. Da aka buɗe, Inna ta ƙifta ido, ta daɗe tana kallona, sannan ta kai hannu gefen ɗankwalina.

"Yaushe kika yi furfura ban sani ba?"

Hajiya ce ta ce mata tun watan azumi ta fito, ita shaida ce.

Har yau ina rubuta girkina, har yau dala na hawa tana sauka. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in zan ɗaga hannu in roƙi ainihin abin da nake buƙata, kada in zaɓa wa Allah hanyar da zai biyo da shi. Hanyar da nake gani tawa ce, mai yiwuwa ta tsakar gidan wani ta ratsa.