Muryar Na Bakwai

Yayana, wanda muke uba ɗaya, malami ne mai kwafar littattafai a Bungudu. Rubutunsa na da kyau, wannan kam ba mai musu. Matsalar ta fara ne a shekarar da ya ga cewa kwafar maganar wasu ta yi masa kaɗan, shi ma zai rubuta tasa. A lokacin Turawa sun daɗe da zama, hankalin kowa na kan auduga, takarda kuma ta yi araha a Gusau. Da ta ci gaba da tsada, da duk mun huta.

Abin da ya rubuta da ajami labarin makirci ne. A wani gari da babu shi a duniya, mutum bakwai suka yi rantsuwa sai sun kawar da wani alƙali mai gaskiya. Shida an san su. Na bakwai ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, ta bayan zana yake magana, shi ne kuma ke ba da umarni. Tushen labarin mai kyau ne, ban taɓa ƙwace masa wannan ba. Ginin da ya ɗora a kai ne abin tausayi. Kafin mutum ya shiga zaure sai Malam ya yi shafi biyu a kan ƙofar: itacen da aka sassaƙa ta da shi, dajin da aka saro itacen, da abin da magabata suka faɗa game da ƙofofi. Duk mugun da zai zare wuƙa sai ya fara kawo baiti uku na Larabci, wanda za a soka kuma yana tsaye cikin ladabi yana jira ya gama.

Ni maɗinki ne, aikin riga nake yi a wata rumfa bakin kasuwa, shekaruna sun kai talatin a lokacin. Ilimina bai kai rabin nasa ba, amma ina karanta ajami, kuma Allah ya ba ni murya. Shi kuwa in yana karatu sai ka ce ƙudan zuma ne ya faɗa tulu. Saboda haka wata ranar kasuwa ya kawo mini takardun a gafaka, ya ce, "Ka karanta wa jama'a bayan la'asar. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce, "To, Malam."

Ranar farko na cika alkawari. Mutum tara suka zauna. Kafin mu wuce ƙofar zaure saura uku, ɗaya kurma ne, ɗaya kuma rigarsa yake jira. Rana ta biyu sai na fara tsallake. In na ga shafi ya fara da "Ka sani, ya kai mai hankali", sai in lashi yatsa in juya biyu. Baitocin na bar wa Malam kayansa. Na ba kowane mutum muryarsa: alƙali mai nauyi, matarsa mai sauri, maƙiyan kuma kowa da tasa. Inda ya rubuta layi goma don ya ce mutum ya ji tsoro, ni sai in yi shiru kawai in dubi bayana, jama'a duka su waiwaya.

Cikin kasuwa huɗu rumfata ta daina ɗaukar mutane. Manoma daga Nahuce suna gama sayar da hatsi su ƙi tafiya. Fulani masu tallan nono su aje ƙwarya daga nesa suna saurare. Malam kan zauna a gefe a kan buzunsa, yana lumshe ido, yana karɓar yabo. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, wurin nan da alƙali ya shinshina abinci ya ture, wallahi ka iya." Babu wannan a takarda, ni na ƙirƙiro shi a take. Malam ya gyara rawani ya ce, "Wannan wurin ya ba ni wahala ƙwarai."

Sauran muryoyin daga kaina na samo su, amma ta na bakwai aro na yi. Akwai wani mahauci a unguwarmu mai gasa balangu, bawan Allah da bai taɓa cutar ko kaza ba sai wadda sana'a ta wajabta. Da hanci yake magana, kuma kafin kowace jimla sai ya yi kaki sau biyu. Ban yi da mugunta ba. Ina neman muryar da za ta fito ta bayan zana ne, tasa ta zo mini a baki. Sannan inda Malam ya rubuta cewa za a zuba guba a abinci, na ga kalmar abinci ba ta da ƙamshi, na ce balangu.

Mutanenmu, masu kaifin basira, suka haɗa wannan da wancan suka gano gaskiya. Wai labarin ba ƙage ba ne, Malam ya san wani abu ne yake ɓoyewa. Aka daina tsayawa wurin mahaucin. Ya kai nama Gusau, wani ya nuna shi da baki. Ya tafi har Tsafe ranar kasuwa, da ya yi kaki zai faɗi farashi, sai wata tsohuwa ta ja jikarta ta ce, "Shi ne na bakwai!" Garin da babu shi a duniya, alƙalin da ba a taɓa haifa ba, amma an samu shaidu har uku da suka rantse sun san gidan alƙalin.

Da hantsi wata Laraba mai unguwa ya aiko a kira mu. Muka tarar da mahaucin a zaure, idonsa ja wur. Ya yi kaki sau biyu, ni kuwa na sunkuyar da kai don kunya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mi na yi musu? Kwana goma sha biyu ina komawa gida da nama. Ɗiyata ta je rijiya ana ce mata ɗiyar mai guba."

Mai unguwa ya dubi Malam. "Kai ka rubuta wanga abu?"

"Ni na rubuta, kowane harafi," in ji Malam, har da ɗaga gemu.

"Har balangun?"

Malam ya juyo. Ya dube ni. Ya san babu balangu a takardarsa, ya kuma san ya sha yabo a kan balangun nan wajen mako uku. Na tausaya masa, na ce, "Ranka ya daɗe, balangu nawa ne, murya ma tawa ce. Abin da ke takarda daban."

Mai unguwa ya ce to a karanta abin da ke takarda, kuma mai rubutun ya karanta da bakinsa, a gaban jama'a. Aka fito ƙofar gida, aka taru maƙil, kowa ya zo jin tonon asiri. Malam ya buɗe gafaka, ya fara daga farko, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya karanta ƙofar. Ya karanta dajin. Ya kawo baitocin, ya fassara su, ya kawo saɓanin malamai a kan fassarar. Masu gona suka tuna da gona. Mai unguwa ya dafe haɓa, kansa ya yi ƙasa sau uku. Da aka kira azahar maƙiyan ba su ma gama gaisawa ba.

Mai unguwa ya farka ya share baki ya ce, "Na ji. Wanga rubutu ba ya iya cutar kowa." Malam ya ɗauki wannan a matsayin yabo har tsawon kwana biyu, kafin matarsa ta fassara masa.

Hukuncin a kaina ya faɗo, kuma daidai ne. Aka ce in tsaya a kasuwa in faɗa da muryar nan tawa da nake taƙama da ita cewa ni na ari maganar mutum ba da izninsa ba, sannan in ci balangunsa a gaban kowa. Na yi, kasuwa uku a jere. Na ɗinka masa riga kuma, wannan ba wanda ya sa ni. Ya karɓa, amma ya shekara bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Malam ya kwashe takardunsa, karatun ya tsaya a tsakiya. Mutane suka yi ta tare ni a hanya suna tambayar wane ne na bakwai. Ban sani ba, domin shafukan ƙarshe ba su taɓa zuwa hannuna ba. Bayan shekaru, muna dawowa daga jana'izar wata gwaggonmu a Mada, mun tsaya shan ruwa a gindin tsamiya, na tambayi Malam. Ya daɗe yana kallon jakinsa, sannan ya ce shi ma bai yanke ba. Ya so ne ya ji wanda zan zaɓa.