Tsohon da Ya Hana Ni Durƙusawa

Warin tawada ne ya tare ni ran nan a wani shago a Old Kent Road, sai ga ni na koma ɗan shekara tara a gidan hayarmu na Stratford.

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta turo Baba karatu nan ƙasar Turawa. Mu a sama, mai gidan a ƙasa. Tsoho ne Bayahude, lauya tun a ƙasarsu kafin a koro su. Shi ya rubuta takardar da ta sa aka bar ni da Inna muka zauna a ƙasar. A ɗakin baya yake buga wata 'yar jarida da yarensu, rabinta sunayen mamata. Ga ɗumi, ga shayi da lemon tsami, ga injin buga jaridar yana ta tari. Ni da boko bai shiga kaina ba, nan kaɗai ba a ce min daƙiƙi.

Wata safiya na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya min. Mutumin nan ya cafki wuyan rigata ya miƙar da ni. Ya ce in na sake sa gwiwa a ƙasa gabansa, kada in ƙara taka ƙofarsa.

Na hau sama na faɗa wa Baba.

"Ɗan da ke gaida babba a tsaye ba nawa ba ne," in ji shi.

To kai ka faɗa min, ya zan yi? Sai na ƙirƙiro dabara. Duk sanda muka haɗu mu uku a matakala, in sunkuya kamar ina ɗaure igiyar takalmi. Haka na cinye lokacin sanyin nan, ina kwancewa ina ɗaurewa. Ba wanda na yaudara.

Daga baya matar tsohon ta gaya wa Inna cewa a garinsu an taɓa durƙusar da shi a titi, aka ba shi buroshi ya wanke ƙasa, maƙwabta na dariya. Baba ya ji labarin. Ya ce Allah ya isa, amma tarbiyya tarbiyya ce.

Baba ya koma Kano, can ya rasu. Ni na maƙale a nan ina tuƙin bas. Tsohon kuwa ya haura ɗari, sai da ya buga sunan kusan duk mai karanta jaridarsa a jerin mamatan. Na je duba shi gidan kula da tsofaffi. Kunnensa ya tafi, dole na durƙusa gefen keken guragun da yake kai don ya ji ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya lalubo wuyan rigata, babu ƙarfi.

"Tashi," ya ce.

Ban tashi ba, ban kuma san dalili ba.

Yanzu 'ya'yana daga kan kujera suke jefo min "Hi Dad", ido a waya. Raina ya ɓaci, in buɗe baki, sai in rasa maganar wane tsoho zan faɗa musu.