Amshin Waƙar Gwaggo

Ni mutum ne mai ƙirga, da ita na ci abinci tun ina saurayi, don haka bari in fara lissafa maka abin da ke ƙasa. Tsofaffi uku ne suke ba mu tatsuniya a gidanmu na Dugabau. Biyu sun riga mu gidan gaskiya tun ban yi aure ba. Sai ya rage saura ɗaya, Gwaggo, yayar mahaifina. A cikin duk abin da ke kanta kuwa, akwai labari ɗaya da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai nata, labarin matar da ta je sama aron ruwa. Tsohuwa ɗaya, labari ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san hajar da ta rage guda ɗaya, in ta fita ba ta da madadi.

'Yata ta fari ce ta tono maganar. Tana karatu a kwaleji a Kano, ta zo hutu Gwarzo. Ina zaune ina duba samfurin gyaɗa da wani manomi ya kawo mini daga Lakwaya, ita kuma tana gefe da wani littafi mai kauri. Na tambaye ta na mene ne, ta ce kwas ne aka sa su, na tatsuniyoyi da almarar al'ummun duniya. Ta ba ni labarin wani da aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tsauni, kullum in ya kusa kaiwa sai dutsen ya gangaro. Na ce mata ai na san shi, ɗan kasuwar hatsi ne. Ta yi dariya, sannan ta ce malaminsu ya ce kowa ya koma garinsu ya ɗauko labari ɗaya daga bakin tsoho, a ajiye shi kusa da na sauran duniya a gwada. Tana faɗin haka ɓawon gyaɗa ya fashe a yatsuna, sai na ji ni a tsakar gidanmu ina yaro.

A gidanmu ba a ba da tatsuniya kyauta. Da kaka, in an cire gyaɗa ta bushe, sai a tara ta a tsakar gida, tsibi har ya fi mu tsayi. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi, a kunna aci-bal-bal, ƙamshin harawa yana saukowa daga kan ɗaki, sanyi ya fara taɓa ƙafa. Kowane yaro da ƙwaryarsa. Gwaggo ta zauna a tsakiya ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, hannuwa su kama aiki. Ƙa'idarta ɗaya ce, labari yana tafiya ne muddin ɓawo yana fashewa. In hannu ya yi sanyi sai ta yi shiru, ba faɗa ba zagi, har sai ƙarar ta dawo. In ka saci ƙwaya ka kai baki, ko a duhu tana jin taunarka. Babban yatsa ya yi ta zafi har ya yi kanta, amma ba mai tashi.

Labarin aron ruwa shi ne babba, tsawonsa tsawon tsibin nan ne, ba ya ƙarewa sai daren ƙwarya ta ƙarshe. An yi fari, in ji ta, har rijiyoyi suka ƙafe, sai wata mata ta ce za ta hau sama ta aro ruwa. Ba ta da abin jingina, sai ta bar inuwarta. A hanya akwai ƙofofi, kowace ƙofa sai ta tsaya ta yi waƙa. Gwaggo ce take rera ta matar, mu yara mu yi amshi, kuma amshin ne yake buɗe ƙofar. In muka yi shi da kasala sai ta ce mai ƙofa bai ji ba, mu sake. Na ji labarin nan kaka bayan kaka, na yi amshin har muryata ta dushe.

Daga baya na girma na shiga saye da sayar da gyaɗa tsakanin Kabo da Gwarzo. Da hannuna ya yi ƙarfi, ni na kai injin ɓarar gyaɗa na farko unguwarmu. Ba na nadamarsa, kada ka ce na ce. Aikin da yake cin wata guda ya koma na hantsi ɗaya, mata suka sa mini albarka, Gwaggo ma ta sa. Sai dai babu wanda ya lura cewa da tsibin ya bar tsakar gida, zaman ma ya bi shi. Yara suka koma makarantar dare, daga baya kallon talabijin ya zo, sannan waya.

Na ce wa 'yata ta shirya, labarin da za ta kai wa malaminsu ya fi na mai dutse. Muka isa Dugabau da hantsi. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, amma bakinta yana nan. Bayan doguwar gaisuwa ta shafa fuskar yarinyar ta ce boko ya cinye mata kumatu. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta ce mu jira dare, wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi, ita kuwa ba ta da ƙafar neman hanya. Muka jira.

Bayan isha'i aka fito da ita tsakar gida, 'yata ta kunna waya ta ajiye a gabanta. Gwaggo ta lalubi tabarma ta ce ina gyaɗar. Ka ji abin kunya, dillalin gyaɗa a gidan ubansa, babu ko tiya ɗaya mai ɓawo, duk an kai inji. Sai a maƙwabta aka samo ɗan abin da suka ajiye na iri. Aka tara yaran gidan, wasu suka zauna don ganin idona.

Ta fara. Muryarta ta miƙe kamar ba ita ba. Fari ya zo, rijiyoyi suka ƙafe, matar ta bar inuwarta ta kama hanya. Ta isa ƙofar farko, Gwaggo ta ɗaga kai ta rera: “Mai ƙofa, na zo ba inuwa, na bar ta can a bakin rijiya.” Sannan ta tsaya tana jira.

Yaran suka dubi juna. Ta sake rerawa, ta juyo da fuskarta wajen da nake. Na buɗe baki. Karin waƙar yana nan a maƙogwarona, ina jin inda yake hawa da inda yake sauka, amma kalma ko ɗaya babu. Na yi ta guna-guni kamar mai ciwon haƙori.

'Yata ta ce, “Gwaggo, ki faɗa mana amshin mana, sai mu riƙa yi.”

Leɓen Gwaggo ya yi ta motsi. Can ta ce, “Ke 'yar nan, tun da na karɓi labarin nan ban sake yin amshi ba. Nawa na riƙe. Wancan na ubanki ne, su aka ba ajiya.” Yarinyar ta ce to ta tsallake waƙar ta ci gaba da labarin. Gwaggo ta ce, “In tsallake in bi ta ina? An taɓa lugude da taɓarya ɗaya?”

Ba taurin kai ba ne. Na ga ta gwada. Abin da ke bayan ƙofar nan ba ya zuwa mata sai ta ji amshin, haka ya zauna a kanta tun tana budurwa. Ta rera sau uku ko huɗu, sannan ta ce sanyi ya kama ta, a mai da ita ɗaki.

Ban bar maganar nan take ba. Duk ranar kasuwa in na haɗu da wanda muka yi ɓara tare sai in ja shi gefe. Wani ya yi dariya ya ce ko ciniki ne ya tsaya. Wani da ya zama malami ya ce in nemi abin da zai amfane ni a kabari. Ƙanwata da ke aure a Kabo ta tuna cewa akwai kurciya a cikin amshin, ko kuwa a wani labarin ne, ba ta tabbata ba. Na kai wa Gwaggo kurciyar, ta ce ba ta san ta ba. Kafin wata kakar ta kewayo Allah ya karɓi abarsa.

'Yata ta rubuta aikinta a kan mai tura dutse da wani labari da ta samu a littafi, ta ci maki mai kyau. Ta ce mini labarin mai dutsen ya fi shekara dubu, kuma har yau ana karanta shi a ƙasashen da ba su san garinsu ba. Namu bai kai jikar mai shi ba.

To ga lissafin. Inji yana nan yana aiki, na ƙara wasu. Yarinya ta wuce ajinta. A wayarta akwai muryar tsohuwa tana roƙon mai ƙofa, bayanta kuma shiru, sai ƙarar ɓawo da guna-gunina. Matar nan tana tsaye a ƙofar farko ba inuwa, kuma ban san ko ta samo ruwan ba. Na ji ƙarshen da kunnena ba sau ɗaya ba, amma in ka tambaye ni yau, ba ni da shi.