Azumin Kawu Hammawa Shi Kaɗai

Kawu Hammawa, ƙanin mahaifiyata, gyaran keke yake yi a ƙauyenmu kusa da Chinade, amma ba da keke aka san shi ba. Shekara talatin da ɗoriya, idan ana jiran jinjirin watan azumi, bakinsa ake kallo. Bai taɓa cewa ya gani aka ƙaryata shi ba. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ko akuya, wannan yardar da aka yi masa ita ce dukiyarsa.

Sai ga Malam Uzairu, malamin kimiyya da aka turo daga Azare, da madubin hangen nesa a jaka, amma bai san inda zai saita shi ba. Kawu ya karɓi malamin hannu bibbiyu. Ya koya masa ya fara lura da inda rana ke faɗuwa tun saura kwana uku, ya miƙa hannu ya auna dunƙule guda sama da wurin, kuma kada ya ƙura ido har ya yi ruwa. Shi kuma Uzairu ya ce masa Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Kawu ya yi dariya har da tari, daga baya ya yarda.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban na kai musu ruwan alwala bayan gari, da magariba.

Kawu ya ce, "Ga shi can, Malam, sama da giginyar nan."

Uzairu ya sa ido a madubi ya ce, "Wallahi na gan shi, Kawu." Da kunnena na ji.

A zauren dagaci shaidu biyu ake nema. Maigidana yana wurin. Ya ce abokan aikin Uzairu suna zaune da wayoyinsu, suna cewa lissafi ya nuna ba za a ga wata yau ba. Da aka tambayi Uzairu, ya dube su, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban tabbata ba." Wani ya ce ai furfurar gira ce ta faɗo wa tsoho a ido. Zaure ya kwashe da dariya.

Wanda ya ga wata dole ya yi azumi ko an ƙi shaidarsa, don haka Kawu ya tashi da azumi shi kaɗai a duk ƙauyen. Yana ɗaure taya, masu wucewa suna yi masa "a sha ruwa lafiya" cikin shaƙiyanci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da azahar na shiga gidan Uzairu aron rariya. Matarsa Sadiya tana zuba abinci, sai ta ce, "Malam ba zai ci ba, azumi yake yi. Tun asuba ya tashe ni sahur, ya ce kada in faɗa wa kowa."

Na kai wa Kawu labarin da zafinsa. Ya ajiye tayar da ke hannunsa.

Ya ce, "Allah ya karɓa masa. In ya zo nemana, ki ce ba ni da sauran abin da zan koya masa."