Taɓaryar da Ke Tsakiyar Taurari

A ƙauyenmu na kusa da Tabotaki, da an sallame isha'i sai mu kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin Inna Hajo, mahaifiyar babanmu. Shekarar da na fi tunawa ita ce ta babban fari, ina ajin farko a lakwal. Baba ya tafi cin rani Abijan, rumbu ya ƙare, abin da ya rage sai tulu ɗaya na irin hatsi a ƙarƙashin gadonta.

Wata rana Baba Ƙarami, ƙanen babanmu, ya ce a fito da irin a daka, yara na kuka.

"Ɗana, in mun ci shi yau, mi za mu ba ƙasa in ruwa ya sauka?" in ji Inna. Ya fita cikin fushi. Ni ma a raina na ji haushinta.

Da dare ta nuna mana farin zanen nan na taurari da ya ratsa sama.

"Ga wata nan tafe gare ku."

"Ta iso mu ji, Inna."

Wai wata tsohuwa ce ta daka gari a shekarar yunwa, guguwa ta kwashe shi zuwa sama. Gari ya kama watsewa, kowace ƙwaya da inda ta nufa. Tsohuwa ta bi shi, ta kwantar da taɓaryarta a tsakiya, ta danne ta da ƙirji. Sai garin ya riƙa juyawa kewaye da ita, bai ƙara tarwatsewa ba. Har yau tana can, ba ta ci ba, ba ta saki ba.

Na ce, "To ina taɓaryar? Ban gan ta ba."

"Kana cikin garin, Idi. Yaya za ka gani?"

Muka rayu da ganyen tafasa da ɗan taimakon da ake rabawa a garin Buza. Inna ta rame har awarwaronta na zamewa. Da ruwa ya sauka ta buɗe tulun da hannunta, ta fara ɗibar wa Baba Ƙarami. Har maƙwabta biyu suka samu na shuka.

Bayan na girma na karanta cewa garken taurarin da ranarmu take ciki yana da wani dogon curi na tsofaffin taurari kwance a tsakiyarsa kamar sanda, rassa na murɗawa daga bakinsa biyu, kuma ƙura ta tare mana ganinsa. Inna ba ta san wannan ba. Tatsuniya ta ƙaga don jikoki masu jin yunwa su daina ganin ta a matsayin marowaciya.

Ta rasu kafin in yi hankalin cewa na gode. Hatsin da ƴaƴana ke ci yau, daga wancan tulun asalinsa yake. Allah Ya haskaka makwancinki, Inna.