Tawul ɗin da Mai Shi Bai Zo Ba

Duk layin babu wanda bai san Mai Guga ba. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a gaban gidansa: teburi mai bargo a shimfiɗe, buhun gawayi a lungu, da dutsen guga wanda hannunsa ya ci har ya yi santsi. Mutum ne da zai fitar wa wando kari kamar wuƙa, amma ka sa shi ya yi magana mai tsawo sai ka ga gumi yana keto masa.

Matarsa ta rasu ta bar masa maza uku da mace ɗaya, Auta. Mazan ba su ba shi wahala ba, tsawa ɗaya ta ishe su. Auta kuwa ya koyi komai saboda ita, har kitso ya gwada, sai da maƙwabta suka roƙe shi ya bari don Allah.

Da ta shiga sakandare ya lura duk wata akwai ranakun da take ƙin fitowa. Zai leƙa ya gan ta a dunƙule kan katifa, ta rungume mara, fuska ta yi fari. In ya tambaya ta ce, "Ba komai, Baba." Makaranta kuma ta aiko cewa in fashin nan ya ci gaba, sai ta maimaita aji. Ya gane ko mene ne, ai ya zauna da mace shekara da shekaru. Amma ya san 'yarsa: ranar da ta fahimci ya sani, kunya za ta sa ta daina haɗa ido da shi. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya ƙona wa wani malami hannun riga.

Ya wanke ƙafa ya tafi kemis, ya jira kowa ya watse.

"Malama, wani abokina ne ke fama da ciwon ciki. Nan ƙasa-ƙasa. Wata-wata yake zuwar masa."

Mai kemis ta dube shi ta saman gilashinta. "Abokin nan naka, Baba, yana ɗaura ɗankwali?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana ɗaurawa."

Ta danne dariyarta, ta ce ciwon mara ne na al'ada. Ta ba shi ƙwayar rage zafi, ta ce a sha bayan an ci abinci. A ɗora abu mai ɗumi a marar, a ɗan riƙa tattaki, in kuma ciwon ya wuce misali ko jinin ya yi yawa, a kai ta asibiti.

Da ya ji an ambaci ɗumi sai ransa ya yi sanyi. In dai zafi ne, ai sana'arsa ke nan.

Ya sayi tawul mai kauri, shuɗi. Ya bi shi da dutsen guga ciki da bai, ya ninke, ya gwada a kumatunsa kada ya ƙona ta, ya cusa ƙwayar a tsakiya. Ya tsaya bakin ƙofarta yana kallon rufi.

"Auta, riƙe mini wannan. Na wani ne, mai shi bai zo ba tukuna. Shagon ba wuri."

Ta karɓa. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya ce ya ga kamar ya yamutse, bari ya sake bi. Haka ya yi ta kai da kawo, tawul yana yamutsewa ba dalili. Ya kuma tsiri aikenta kai wa mutane kaya a ƙarshen layi, wai yau ƙafarsa ce ke damunsa. Washegari Auta ta sa kayan makaranta ta fita.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk wata mai tawul yakan ƙi zuwa. Yayyenta har suka fara mita, wane irin mutum ne wannan da zai bar kaya shekara guda? Mai Guga ya ce su bar shi, mutumin kirki ne, uzuri ya yi masa yawa. Auta ba ta taɓa tambaya ba, ba ta kuma maimaita aji ba. Ta gama makaranta, ta sami aiki, ta yi aure, ta tafi da tawul ɗin a ƙasan akwati.

Yanzu tsayuwar shekaru ta taru ta zame masa ciwo a ƙugu. Babban ɗan ne ke riƙe da shagon, shi kuwa yana kwance a ɗaki, kowa ya tambaya ya ce lafiyarsa ƙalau, hutawa kawai yake. Ya tsani a ji tausayinsa.

Ran nan da la'asar ya ji muryar Auta a shago tana ce wa yayanta ya matsa ya ba ta wuri. Ya ji ƙarar murfin dutsen guga, ya ji tana hura gawayi. Can sai ga ta a bakin ƙofa da abu shuɗi a hannu, ya koɗe, gefensa duk ya zare. Ta gwada shi a kumatunta, ta ɗaga kai tana kallon rufi.

"Baba, riƙe mini wannan. Mai shi bai zo ba har yanzu."

Ya karɓa ya tura ƙarƙashin ƙugunsa. Daɗi da kunya suka rufe shi lokaci guda, ya juya fuska bango don kada ta ga idonsa.

"Ninkin bai yi daidai ba," ya ce.

"To bari ya huce in sake bi, Baba."